Yaya za a gane yaron da ƙarin ruwa zai amfana tun kafin a ɗaura masa?

"Assalamu alaikum, Likita. Ni sabuwar likita ce, ina aiki a sashen gaggawa na yara. Abin da ke damuna shi ne, za a kawo yaro hannuwa da ƙafafu sun yi sanyi, zuciya tana gudu, mu tura masa ruwa ta jijiya. Wani kafin leda ta yi rabi ya buɗe ido ya fara kuka, wani kuwa sai numfashinsa ya ƙara tsanani, fuska ta kumbura, mu koma neman oksijin. Na karanta cewa a wajen manya akwai gwaje-gwajen da ke nuna wanda zai amsa ruwa tun kafin a ba shi. Shin suna aiki a kan yara? In kuma ba mu da manyan na'urori, da me za mu dogara?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Duk wanda ya daɗe yana duba yara masu tsananin ciwo ya tsaya inda kike tsaye. In na fahimce ki, kina son sanin ko akwai wata alama ko wani awo da zai gaya miki, kafin ki buɗe leda, cewa zuciyar wannan yaron za ta yi aiki da ruwan da za ki ba ta. Akwai awo guda da ya nuna inganci sosai a yara, amma sai yaron yana kan injin numfashi, kuma sai da na'urar hoton zuciya. Yawancin gwaje-gwajen manya ba sa faɗin gaskiya a jikin ƙaramin yaro. Sauran yaran kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa a gabanki, hanyar da ta fi aminci a kansu ita ce ki gano ta inda ruwan ya fita, ki ba da kaɗan, ki tsaya ki sake dubawa. Akwai kuma wata tambaya a ƙarƙashin taki wadda a ganina ta fi ta farkon nauyi: ko da zuciyar za ta amsa, shin yaron yana bukatar ruwan?

Abin da ake nufi da amsa ruwa

A wajen masu bincike, an ce mara lafiya ya amsa ruwa idan jinin da zuciyarsa ke turawa a bugu ɗaya ya ƙaru da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 bayan an tura masa ruwa da sauri. A yara, ruwan gwajin yakan kasance mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo na nauyin jiki. Tushen maganar yana cikin aikin Otto Frank na Jamus da Ernest Starling na Ingila, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Naman zuciya kamar danƙon harbi yake: gwargwadon yadda aka ja shi, gwargwadon nisan da zai jefa, har a kai wani matsayi da ƙarin ja ba ya ƙara komai sai wahalar da robar. Zuciyar da ba ta cika ba, ƙarin ruwa yana ƙara mata ƙarfin turi. Wadda ta riga ta cika, ko wadda namanta ya raunana, ruwan ba shi da wurin zuwa sai ya koma baya, ya taru a huhu da hanta da sauran sassan jiki.

Binciken da aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman, na manya da na yara, ya yi ta maimaita abu ɗaya: cikin waɗanda likita ya duba ya ga sun cancanci ruwa, kusan rabi ne kawai suke amsawa. Ma'ana, rabin ledojin da muke ɗaurawa da kyakkyawar niyya ba su ƙara wa zuciya komai ba. Kuma ruwan da ya zauna a jiki ba ya zama a banza. A 2018 an haɗa bincike masu yawa a kan yara masu tsananin ciwo a mujallar JAMA Pediatrics, aka ga duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na ruwan da ya taru a jiki, in aka kwatanta da nauyin yaro, yana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kusan kashi 6 cikin 100. Wannan bai tabbatar da cewa ruwan ne kaɗai ya kashe su ba, domin yaran da suka fi jigata su aka fi bai wa ruwa, amma ya isa ya sa mutum ya yi kaffa-kaffa.

Ki riƙe wannan kuma: ni da ke, da muke zaune lafiya, in aka tura mana ruwa yanzu zukatanmu za su amsa. Amsa ruwa shi ne halin lafiyayyar zuciya. Shi kaɗai ba ya zama dalilin ɗaura leda.

Dalilin da ya sa jikin yaro ke ɓoye gaskiya

Jinin da ke jikin yaro mililita 70 zuwa 80 ne a kowane kilo, na jariri sabon haihuwa ya ɗan fi haka. Yaro mai kilo 10 ke nan duk jininsa bai wuce mililita 800 ba, in ya zubar da 250 ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk da haka kina iya auna matsin jininsa ki same shi daidai. Jijiyoyinsa sababbi ne, suna iya tsukewa sosai, zuciyarsa kuma tana iya ƙara gudu fiye da ta babba, don haka yakan riƙe matsin jini har sai ya rasa kashi 30 cikin 100 ko fiye. Ranar da matsin ya faɗi ƙasa da iyakar da muka sani, wato 70 a tara da shekarunsa sau biyu ga ɗan shekara 1 zuwa 10, to an makara ƙwarai. Ɗan shekara 4 da awonsa na sama ya gaza 78 yana bakin gaɓa.

Saurin bugun zuciya yana zuwa da wuri, amma abubuwa da yawa ke kawo shi: zazzaɓi, zafin ciwo, tsoron allura, ƙarancin jini, ƙarancin oksijin, ciwon zuciyar kanta. Danna fata na daƙiƙa 5 a ga lokacin da jini zai koma yana da amfani, musamman in ya wuce daƙiƙa 3, sai dai sanyin ɗaki kaɗai yana iya jinkirta shi a yatsa, shi ya sa nake gwadawa a tsakiyar ƙirji ma. Duk waɗannan alamun suna gaya miki cewa jini ba ya isa inda ya kamata. Ba sa gaya miki dalili, ba sa kuma gaya miki ko ruwa ne maganin.

Gwaje-gwajen manya a jikin yara

Na farko da ya kamata ki cire daga lissafinki shi ne matsin babbar jijiyar da ke shiga zuciya, wanda muke kira CVP. An yi shekaru ana cewa in ya yi ƙasa a ƙara ruwa, in ya hau a tsaya. Nazarin da Paul Marik da abokan aikinsa suka fitar a 2008 ya nuna cewa a manya hasashensa bai fi na mai canki-canka da komai ba, a yara ma haka abin yake. Lamba ɗaya da aka auna a tsaye ba ta nuna inda zuciya take a kan hanyar cikarta, domin taurin naman zuciya da matsin cikin ƙirji duk suna shiga cikin lambar.

Daga nan aka koma ga awon da ke motsi da numfashi. Hikimar ita ce, duk lokacin da injin ya hura iska cikin huhu, matsin ƙirji yana hawa, jinin da ke komawa zuciya ya ragu na ɗan lokaci. Zuciyar da ke jin ƙishi za ta nuna hakan, bugunta ya yi ta hawa da sauka tare da numfashi. Wadda ta ƙoshi ba za ta damu ba. A manya, in bambancin ƙarfin bugun da ake gani ta siririn bututun awon matsi da aka sa a jijiyar hannu ya haura kusan kashi 13 cikin 100, yawanci mutum zai amsa ruwa. A nan gizo ke saƙar, domin a ƙaramin yaro wannan awon yana yawan kuskure, kuma dalilan suna da kyau a fahimce su. Jijiyoyin yaro suna da laushi, suna shanye canjin da ya faru a zuciya kafin ya iso hannu a matsayin canjin matsi. Ƙashin ƙirjinsa ma yana da laushi, iskar da injin ya hura ba ta matse jijiyoyin ciki kamar yadda take yi a babba. Sannan awon yana bukatar a hura aƙalla mililita 8 na iska a kowane kilo, alhali mu mukan hura ƙasa da haka don kare huhu. Akwai kuma lissafin bugu da numfashi: in bugun zuciya bai kai ninki 3.6 na yawan numfashi ba, awon ya lalace. Jaririn da zuciyarsa ke buga 140 injin yana hura masa 40 a minti ya faɗa ƙasa da wannan iyakar ba tare da wani abu ya same shi ba.

A 2013 Gan da abokan aikinsa suka tattara bincike 12 da suka ƙunshi yara 438 da aka yi wa turin ruwa sau 501, suka fitar a mujallar Anesthesia and Analgesia. Cikin duk ma'aunan da aka gwada, ɗaya ne ya yi ta faɗin gaskiya daga wannan bincike zuwa wancan: yadda saurin gudun jini a bakin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya yake canjawa da numfashi. Ana auna shi da na'urar hoton zuciya. Za ki ɗora kan na'urar a gefen ƙirji na hagu inda ƙarshen zuciya yake bugawa, ki nemo hoton da ke nuna mafitar ɗakin hagu na zuciya, ki sa ma'aunin Doppler, wato mai auna saurin gudun jini, a wurin, ki rage gudun allon har ki ga bugu da yawa a jere cikin numfashi ɗaya. Sai ki ɗauki mafi tsawo da mafi gajarta. A ce na sama santimita 110 a daƙiƙa, na ƙasa 90. Bambancin 20 ne, matsakaicinsu 100, canjin ke nan kashi 20 cikin 100. Yawancin masu aiki da shi suna ɗaukar abin da ya haura kashi 12 zuwa 13 a matsayin alamar za a amsa, duk da cewa iyakar da bincike daban-daban suka samu ta bambanta sosai, daga ƙasa da 10 har kusan 20. Yana aiki ne saboda yana auna gudun jinin kansa a bakin zuciya, kafin laushin jijiya ya ɓata labarin.

Sharuɗɗansa kuwa masu tsauri ne. Yaron ya kasance injin ne ke yi masa numfashi gaba ɗaya, ba ya ja da kansa, bugun zuciyarsa a tsare, ƙirjinsa a rufe, ɗakin dama na zuciya lafiya. Yaron da ke kuka a cinyar mahaifiyarsa a sashenku bai cika ko na farko ba.

Ga mai numfashi da kansa, manya suna da gwajin ɗaga ƙafafu: a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafafunsa zuwa digiri 45, jinin da ya kai kusan mililita 300 ya gangaro zuwa zuciya, a auna abin da ya faru cikin minti ɗaya, in aka sauke ƙafafun jinin ya koma. Kyakkyawan gwaji ne domin aro ne ba kyauta ba. Amma ƙafafun ƙaramin yaro gajeru ne in aka kwatanta da gangar jikinsa da kansa, jinin da ke cikinsu kaɗan ne. Abin da aka gani shi ne, in gwajin ya nuna ƙari za ki iya yarda da shi, in bai nuna komai ba kuwa bai kore yiwuwar amsawa ba. Na fi ba shi muhimmanci a yaran da suka haura shekara 5. Kuma dole abin da za ki auna ya zama gudun jini da na'ura, duba matsin jini kaɗai ba ya wadatarwa.

Saboda wannan matsalar ne wasu likitoci a Faransa suka gwada danna ciki maimakon ɗaga ƙafa, tunda a jariri hanta da jijiyoyin ciki su ne babbar ma'ajiyar jini. A rahotonsu na 2018 sun danna cikin da matsi na milimita 30 na ma'aunin jini na daƙiƙa 15, suna kallon zuciya a na'ura, kuma hasashen ya yi kyau ƙwarai. Yara kaɗan ne a binciken, ba kuma a yin sa ga mai ciwo ko tiyata a ciki, amma tunanin ya dace da jikin yaro, kuma ina sa ran zai bunƙasa.

Babbar jijiyar ciki mai mayar da jini zuciya, wadda kowa ke son dubawa da sikanin saboda sauƙinta, ina amfani da ita a gefe biyu kawai. In ta cika tam ba ta motsi da numfashi, ina ja da baya daga ruwa. In ta lafe ƙwarai a yaron da na san ya yi asarar ruwa, tana ƙarfafa abin da na riga na gani. Tsakanin waɗannan biyu ba na yanke hukunci da ita, domin yaron da ke fizgar numfashi ko kuka zai lafar da ita ko da a ƙoshe yake.

Abin da FEAST ya koya mana

A 1991 Joseph Carcillo da abokan aikinsa a Amurka suka ba da rahoton yara 34 da ƙwayoyin cuta suka durƙusar da zagayawar jininsu, waɗanda aka bai wa fiye da mililita 40 a kilo cikin awa ta farko suka fi tsira. A kan irin wannan aka gina koyarwar tura ruwa da yawa da wuri, aka bi ta shekara 20.

Sai a 2011 Kathryn Maitland da tawagarta suka fitar da binciken FEAST, wanda aka yi a asibitocin Uganda da Kenya da Tanzaniya, inda babu injin numfashi. Yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini aka raba uku: wasu aka tura musu ruwan gishiri, wasu albumin, wato ruwan furotin na jini, wasu kuma aka ba su ruwan yau da kullum a hankali ba tare da turi ba. Cikin awa 48, kashi 10.5 na masu ruwan gishiri suka rasu, kashi 10.6 na masu albumin, kashi 7.3 na waɗanda ba a tura wa ba. Fiye da rabin yaran suna da zazzaɓin cizon sauro, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma suna da ƙarancin jini mai tsanani, awon jininsu (haemoglobin) ƙasa da giram 5.

Ga abin da ya fi taɓa tambayarki. Da aka sake nazarin bayanan, an ga yaran da aka tura wa ruwa sun fi nuna sauƙi a awa ta farko, alamun raunin zagayawar jini sun fi gushewa a cikinsu, amma duk da haka su suka fi mutuwa. Kuma yawancin ƙarin mutuwar ta durƙushewar zuciya da jijiyoyi ce, ba ta cikar huhu da ruwa ba. Wato yaro yana iya amsa ruwa a idonki, ruwan kuma ya cutar da shi daga baya. Wani bincike a Melbourne ta Ostireliya a 2018 ya nuna wani ɓangare na dalilin: a yara masu sefsis, wato cutar ƙwayoyi da ta rikita jiki gaba ɗaya, jinin da zuciya ke fitarwa ya ƙaru minti 5 bayan turin ruwa, amma kafin awa ɗaya ya koma inda yake. Ruwan ya fice daga jijiya ya shiga nama, ribar ta tafi, nauyin ya zauna.

Kada kuma ki kai darasin inda bai je ba. FEAST bai haɗa da masu gudawa da bushewar jiki ba, ko masu ƙuna, ko waɗanda suka ji rauni, ko masu tamowa. Na ga wuraren da tsoron ruwa ya kai ga ana ɗiga wa mai kwalara ruwa a hankali, wannan kuwa haɗari ne babba.

Yadda nake yi a bakin gado

Tambayata ta farko ga mahaifiya ce: me ya fita daga jikinsa, tun yaushe, yaushe ya yi fitsari na ƙarshe? Labarin asara shi ne ma'aunin da ya fi kowanne ƙarfi a hannunki. Yaron da ya kwana biyu yana gudawa kamar ruwa, idanu sun faɗa, fata in an ja ba ta komawa da wuri, ba ya iya sha, wannan ba ya bukatar gwajin hasashe. Ki bi tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na mililita 100 a kilo na ruwan jijiya da ake kira Ringer: ga wanda bai kai wata 12 ba, 30 a awa ɗaya sannan 70 a awa 5, ga wanda ya haura, 30 a rabin awa sannan 70 a awa biyu da rabi. Wanda ya zubar da jini, a tsayar da zubar, ruwa gada ce kawai kafin jini ya iso, kuma bai kamata ya wuce mililita 20 a kilo ba kafin a koma ga jini. Wanda tafin hannunsa ya yi fari fat, awon jininsa ƙasa da giram 5, ƙarin jini yake bukata, ruwa zai ƙara tsinka ɗan abin da ya rage masa.

Mai zazzaɓi ba tare da labarin asara ba, a nan nake tafiya a hankali. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce sai alamu uku sun haɗu kafin a tura ruwa: sanyin hannu da ƙafa, jinkirin komawar jini fiye da daƙiƙa 3, da bugu mai rauni da sauri. In sun haɗu, mililita 10 zuwa 20 a kilo cikin minti 30 zuwa 60. In ɗaya ko biyu ne, ruwan yau da kullum da maganin cutar. Ƙa'idar sefsis ta yara ta 2020 ma ta raba hanya bisa kayan aiki: inda akwai ɗakin kulawa ta musamman ana iya kaiwa 40 zuwa 60 a kilo cikin awa ta farko, kashi-kashi, inda babu kuwa ba a turi sai matsin jini ya faɗi, kuma ba a wuce 40. Mai tamowa, zuciyarsa ta rame tare da sauran jikinsa, in har ya cika alamun, 10 zuwa 15 a kilo cikin awa guda, ido a kansa.

Kafin ɗigo na farko ya shiga, ina yin abubuwa uku. Ina ƙirga numfashi na cikakken minti da bugun zuciya, in rubuta. Ina sauraron bayan ƙirji da zuciya. Sannan in lalubo gefen hanta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, in ja layi da biro a kan fatar. Wannan layin ya fi lambobi da yawa amfani, domin a ƙaramin yaro hanta ce ke fara kumbura in zuciya ta gaza ɗaukar ruwa, tun kafin huhu ya yi ƙara. Sai in faɗa wa ma'aikaciyar jinya da babbar murya abin da muke nema da abin da zai sa mu tsaya, don kada ledar ta ƙare a kan yaro babu wanda ya waiwaye shi. A ƙananan yara na fi son auna ruwan da sirinji a kan barin leda a buɗe.

Bayan mililita 10 a kilo, hannuna ya koma kan yaron. Bugu ya ragu ya ƙara cika? Iyakar sanyin da ke ƙafa ta sauko daga gwiwa zuwa idon sawu? Ya fara gane mahaifiyarsa? In haka ne kuma har yanzu da saura, sai a ƙara. In hanta ta wuce layin biro, ko ƙasan huhu ya fara ƙara, ko zuciya ta fitar da sauti na uku, ko oksijin ya sauka, ko numfashi ya ƙaru da 5, bugun zuciya kuma da 15 a minti, a rufe. In kuma babu abin da ya canja bayan turi biyu, to na uku ba zai kawo abin da biyu suka kasa ba. Lokacin adirenalin ne ta jijiya, wato maganin ƙarfafa zuciya da ɗaga matsin jini, wanda za a iya farawa a tsinke ta kanular hannu bisa ƙa'idar asibitinku, tare da duba sukarin jini da sake tambayar kai ko ganewar cutar daidai ce.

An taɓa turo mini wata yarinya 'yar kimanin shekara 3 da amai da ciwon ciki, an riga an ba ta ruwa a inda ta fito a kan bushewar jiki ce. Ba sakaci aka yi ba, alamun sun yi kama. Amma zuciyarta tana gudun da ya wuce kima babu zazzaɓi, harshenta a jiƙe, hantarta ta sauko yatsa uku, tana nishi a ƙarshen kowane numfashi. Da na ɗora na'ura, ɗakin hagu ya buɗe yana motsi da ƙyar. Kumburin naman zuciya ne bayan murar da ta yi makonni kaɗan da suka wuce. Abin da ta bukata shi ne maganin ƙarfafa zuciya da na rage ruwa. Saboda irinta nake cewa in kina da ƙaramar na'urar sikanin, abin da za ki fara koya shi ne kallon yadda zuciya ke matsewa, ko akwai ruwa kewaye da ita, da fararen layukan da ke nuna ruwa a huhu. Waɗannan ana koyonsu da wuri, kuma sun fi lissafin Doppler ceton rai a sashen gaggawa.

In kina da mai iya auna gudun jini, akwai gwajin ƙaramin turi, kamar mililita 3 a kilo cikin 'yan mintoci, a ga ko gudun ya motsa kafin a ba da sauran. Canjin da ake nema ƙarami ne, yana kusa da kuskuren hannun mai awo, don haka mutum ɗaya ya auna kafin da bayan, kan na'urar a wuri ɗaya.

Iyakar wannan amsa

Yawancin binciken hasashen nan ƙanana ne, an yi su a ɗakin tiyata ko bayan aikin zuciya, a kan yaran da aka sa wa barci suna kan inji, kuma abin da suka auna shi ne ƙaruwar jinin da zuciya ke turawa bayan mintoci, ba tsira ba. Lambobinsu ba sa hawa kai tsaye kan yaron da aka shigo da shi yanzu daga gida. Abin da na faɗa bai shafi bakwaini da jariran makonnin farko ba, waɗanda sanyin jiki da raunin bugu a wajensu kan iya zama lahanin zuciya na haihuwa. Bai kuma shafi mai ciwon sukari da jininsa ya yi tsami ba, ko mai zazzaɓin dengi, ko mai ƙuna mai faɗi, ko mai ciwon ƙoda, kowannensu da tsarinsa. Ki zauna da babban likitan sashenku ku rubuta ƙa'ida ɗaya da ta dace da kayan da kuke da su, har da wanda za a kira da inda za a tura yaro in turi na biyu bai yi aiki ba.